Chanchaga: Ƙaramar Tukunya a Gidan Yawa

Ka tsaya a shataletalen Mobil da hantsi, ka tare mutum goma ka tambaye su a wane gari suke. Duk za su ce maka Minna, wataƙila ma su yi maka kallon wanda rana ta taɓa. To sake tambaya, ka ce a wace ƙaramar hukuma kuka kwana jiya? Nan ne za ka ga ana sosa ƙeya. Wanda ya fito daga Limawa ko Kwangila zai ce Chanchaga, ya kuwa faɗi daidai. Wanda ya fito daga Maitumbi ko Tudun Fulani shi ma yana iya cewa Chanchaga, alhali a Bosso ya kwana. Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne mutumin unguwar Chanchaga ita kanta, can wajen gada a kan hanyar Paiko da Suleja. Shi a takardar zaɓe mazaɓarsa ƙarƙashin Bosso take. An ari sunan gidansa an raɗa wa gidan maƙwabci, shi kuma an bar shi a waje yana leƙe.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda aka yanka ƙasar. Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗi, murabba'in kilomita 76,000 da 'yan kai, an kuma kasa ta ƙananan hukumomi 25. Sai dai wanda ya yi kason nan hannunsa bai san daidai ba. Borgu, can yamma inda madatsar Kainji take, ta tashi da fiye da murabba'in kilomita 11,000. Chanchaga kuwa, wadda ita ce cibiyar Minna, gidan gwamnati da fadar sarki duk a cikinta, abin da ta samu bai wuce 72 ba. Ita da Bida da Suleja su ne 'yan autan rabo. Ka ɗauka tuwon gidan biki ne ake kwasa: wani an dire masa akushi guda, wani an ɗan lakato masa a bakin mara an ce ungo. Da za a yayyanka jihar gaba ɗaya daidai girman Chanchaga, sai an sami gutsure fiye da 1,000.

In lissafin murabba'i ba ya shiga kanka, kada ka damu, mu auna da jaki. Da Chanchaga gona ce mai kusurwa huɗu daidai wa daida, kowane gefe kilomita takwas da rabi ke nan. Jaki da kayansa, in ya tashi daga wannan iyaka bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi ya fita ta waccan, har da tsayawa figar ciyawa a hanya. Shi wannan jakin ka ce ya ratsa Borgu, sai ka haɗa wa mai shi guzurin kwanaki.

To a cikin wannan ɗan fili ne ƙidayar 2006 ta sami mutum 201,000 da ɗoriya. Bosso, wadda ta yi wa Chanchaga zobe kusan ta kowane gefe, ta kuma ninka ta faɗi fiye da sau 20, mutanenta a lokacin 147,000 ne. In ka raba, kowane murabba'in kilomita a Chanchaga yana ɗauke da mutum wajen 2,800, a Bosso 90 da wani abu, a jihar baki ɗaya kuwa 50 da 'yan kai. Duk matar da ta taɓa dafa wake ta san fassarar wannan lissafi, ba sai an kai ta aji ba. Ƙaramar tukunya ce aka juye wa mudu guda aka ɗora a wuta. Da farko wake yana kwance a gindi, ruwa a sama, hankalin kowa kwance. Da ya ji wuta sai ya fara shan ruwa, ya kumbura, ya taso, ya ture murfi, kumfa ta biyo gefen tukunya ta gangara cikin murhu tana cuu. Chanchaga ce tukunyar, Bosso ce murhun. Abin da kake gani a Maitumbi da Tudun Fulani da Shango, da dogon jerin gidajen nan da ya tashi daga Kpakungu ya nufi Gidan Mangoro da Gidan Kwano, duk borin tukunyar nan ne.

Ka kuma tuna, adadin 2006 awon ɗanyen wake ne. Tun daga nan ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yarinyar da aka ƙirga a goye a bayan uwarta a Unguwar Daji, yau ita ma da nata goyon. Masana sukan yi ƙiyasi, su ce a ƙara kashi kaza kowace shekara, kamar yadda uwargida ke ƙara ruwa da ido ba tare da ta auna ba. Ita uwargida in ta yi kuskure ɗanɗanawa za ta yi ta gyara. Su kuwa masu tsara gari shekara da shekaru suna girki ba su buɗe murfin sun leƙa ba.

Ko borin ma ba ta ko'ina yake zuba daidai ba, domin tukunyar a karkace take zaune. Ta gabas duwatsu ne suka tokare garin, tsaunin Paida da 'yan'uwansa, inda Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwari, suka zauna tun kafin a yi tunanin za a yi gari a ƙasa. Dutse kuwa ba ya matsawa don an yi haihuwa. Saboda haka garin ya miƙe kamar igiyar shanya, dogo siriri, daga Maikunkele inda filin jirgin sama yake, ya bi ta Bosso, ya ratsa Mobil da Tunga, har gadar Chanchaga, sannan ya zubo yamma inda ƙasa ta kwanta, ya kama hanyar Bida. Shi ya sa in tirela ta lalace a gindin shataletale guda, sai ka ji rabin Minna ta makara aiki. A can saman tudun da ke kallon garin kuma gidajen tsoffin shugabannin ƙasa biyu ne, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, duk haifaffun Minna. Ga su a unguwa ɗaya, lokacin zaɓe na matsowa sai ka ga jerin baƙaƙen motoci suna hawa gaisuwa.

Ruwan sama kam Allah ya yi wa Minna rabo. Damina takan faro daga Afrilu ta kai Oktoba, a Agusta da Satumba sama kamar an ɓula ta. A shekara akan sami milimita 1,200 ko fiye, kusan ninkin na Sakkwato. Da ƙasa ba ta sha, rafi ba ya kwashewa, da ruwan shekara guda ya tsaya wa babban mutum a ƙirji. Wanda ya sauka a kan dutse kuma ba ya jiran kowa, gudu yake yi ya faɗo cikin gari, dalilin da ya sa ke nan aka yi manyan magudanan kankaren nan a zamanin mulkin Babangida, waɗanda ƙaramar mota za ta bi ta cikinsu ba ta goga ba. Amma zo ka ga garin a watan Maris, lokacin da zafi ke gasa mutum tun daga tafin ƙafa. Ƙarƙashin Minna fa dutse ne, rijiya ba ta nisa take cin karo da shi, da rani kuma ruwanta ya janye ya bar guga tana kartar laka. Sai garin ya koma hannun 'yan garuwa. Kura mai taya biyu, jarkoki goma ko sha biyu a jere, wadda murfinta ya ɓata an toshe ta da leda, saurayi ya sunkuya yana turawa a hawan Dutsen Kura, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ta kowace ƙofa ana ƙwala masa kira. Ruwan famfon da ake jira kuwa daga madatsar Tagwai da kogin Chanchaga yake tasowa, sai 'yar tsohuwar madatsar Bosso, duk a bayan gari. Gidan yawa ne da randarsa take a waje.

Wa ya ɗora tukunyar a wuta tun farko? Jirgin ƙasa. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogin Neja zuwa Kano, aka kammala a 1911, don kayan da jirgin ruwa ya kawo su hau arewa, amfanin gona da fatu kuma su gangaro. Bayan 'yan shekaru layin da ya taso daga Legas ya tsallako Jebba ya zo ya haɗe da shi, mahaɗar kuwa a Minna ta faɗo. Inda hanya biyu suka gamu, ko a daji ne, ba a rasa mai ƙosai. Leburorin dogo da 'yan kwangila suka zo, fatake Hausawa suka sauke kaya, Nufawa suka hauro daga Bida, Yarbawa da Ibo suka zo aikin tasha da na akawu, Gbagyi suka sauko daga dutse da doyarsu. Can a shekarun 1930 kuma aka ji ƙamshin zinariya a kewayen garin, aka sake yin wani cincirindo. Har yau in ka bi gefen kogin Chanchaga za ka ga masu wankin ƙasa da kwano suna neman rabonsu. Marubuci Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921, Ben Okri kuma a 1959, babu kuwa ɗayansu da iyayensa 'yan asalin nan ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin haɗin gambizar da ke cikin tukunyar. Sai ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala ya ciro Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka ce Minna ce hedikwata. Ran nan ne aka tura babban gungume cikin murhu, bai kuwa mutu ba har yau.

Murhu duwatsu uku gare shi, jihar ma haka. An kasa ta shiyya uku, A da B da C: ƙasar Nufe ta Bida da Agaie da Lapai, sai ƙasar Gbagyi da Suleja inda Minna take, sai Kontagora da Borgu da kewayensu. Kujerar gwamna ma tun 1999 zagayawa take yi a kansu, daga Abdulƙadir Kure zuwa Mu'azu Babangida Aliyu zuwa Abubakar Sani Bello, ta sake komowa shiyyar farko kan Umaru Bago a 2023. Ni dai ba siyasar ce ta kawo ni ba, cefanen ne. Shinkafa daga fadamun Bida da Badeggi da Wushishi take zuwa, busasshen kifi daga bakin manyan koguna, doya daga Paiko da Gwada da Kuta da Garatu, shanu da masara da wake daga Mariga da Kontagora. Ita Chanchaga ba ta da gonar a-zo-a-gani, inda za a ja kunya an riga an kafa shago. Kowane dutse ya gusa, tukunyar ce ke tangaɗi.

Shiga Kasuwar Gwari da sassafe lokacin sabuwar doya ka ga abin da nake faɗi. Matan Gbagyi suna shigowa da kaya a kafaɗa, ƙwarya ta zauna daram a gefen wuya, kai a ɗan karkace, tafiyar kuwa sai ka yi sassarfa kafin ka cim musu. Doya an jera ta tsibi-tsibi, ƙasar gona ba ta gama kakkaɓewa daga jikinta ba. Magidanci guda biyar ko goma yake tayawa. Dillali kuwa da ƙwarya yake magana, ƙwarya ɗaya guda 100. Zai ɗaga ɗaya ya jinjina a tafin hannu, ya ɗan karce ta da farce ya duba fari, ya faɗi kuɗi. Mai kaya ta kau da kai ta ce albarka. Ya yi kamar zai tafi, ta yi kamar ba ta gan shi ba, su biyun kuwa sun san kafin azahar doyar nan tana cikin mota ta nufi Legas ko Kano. Tsallaka Kasuwar Kure ka ga atamfa da kayan masarufi, ka leƙa Obasanjo Complex ka ga samari sun duƙufa a kan wayoyin da aka farke cikinsu, tsakanin nan da can kuma Keke Napep ne ke ta kai da komo kamar muciya a cikin talge.

Amma babban itacen da ke riƙe da wutar shi ne albashi. Minna garin ma'aikata ne: sakatariyar jiha da ta tarayya, asibitoci, makarantu, barikin soja, Kwalejin Ilimi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, wadda harabarta biyu, Bosso da Gidan Kwano, duk a ƙasar Bosso suke, amma kuɗin ɗalibanta da malamanta da yawa a kasuwannin cikin gari yake ƙarewa. Mai shago a Tunga ba ya bukatar kalanda. Wata na raba tsakiya littafin bashi ke fara kauri: “Malam, rubuta, sai alat ya shigo.” Ranar da wayoyi suka fara ƙara kuwa, mahauci ya ƙara yanka, tela ya ga masu ɗinkin da suka yi ɓatan dabo, fasinja ya daina jayayya da mai Keke a kan canji. In aka yi jinkirin mako biyu, har mai sayar da gawayi a lungu sai ta ji a jikinta. Girkin da ke kan itace ɗaya ke nan, itacen kuma akasarinsa daga Abuja ake turo shi wata-wata. Ranar da mai turowa ya yi tari, mu a nan mura ce ke kama mu.

Ga kuma abin da ke ba ni takaici. Kirarin jihar nan jihar wutar lantarki. Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro a kan kogin Kaduna tun 1990, ga Zungeru mai megawat 700. Daga Minna zuwa Shiroro ba wata tafiya ba ce, ka je ka dawo ka ci abincin rana a gida. Amma mai walda a Kateren Gwari da mai injin niƙa a Sauka Kahuta da janareto suke kwana suke tashi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wutar tana wucewa ta saman kanmu a kan manyan turakun ƙarfe, kamar tiren abincin biki da aka bi da shi ta tsakar gidanka zuwa gidan wani, kai rabonka ƙamshi. Haka kaɗanya. Neja na sahun gaba a ƙasar nan wajen samar da ita, matan ƙauye ke sammakon tsinta, su dafa su shanya, a loda a buhu a fita da ita ba a sarrafa ba, ta dawo a 'yar kwalba mai ƙyalli da tsadar da mai tsintar ba za ta ko taya ba. Mangwaro ya zube ya ruɓe a gindin bishiya, doyar da ba ta sami mota ba ta tsiro a rumbu. Garin tun asalinsa mahaɗa ne, ya saba kaya su sauka su tashi ya karɓi la'ada. La'ada kuwa tana ciyar da dillali, amma ba ta ɗaukar matasan unguwa aiki. Gwamna Bago ya kira kansa gwamna manomi, madalla da noma. Sai dai rabon Chanchaga a harkar noma ba garma ba ce, tunda ba ta da inda za ta ja ta. Rabonta injin casa ne, da na niƙa, da na matsar mai, da ɗakin sanyi, duk kuwa wuta suke ci.

Akwai wata wutar kuma da ba a so. Tun da 'yan bindiga suka addabi Shiroro da Munya da Rafi, aka sace ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021, aka biyo da yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu, manoma da yawa sun bar gonakinsu. Wasu sun tsaya a sansani a Kuta da Gwada, wasu sun shigo Minna sun raɓe wurin dangi, ɗaki ɗaya mutum takwas. An yi wa tukunyar biyu ke nan: an ƙara mata baki, an rage mata cefane. Wanda jiya yake kawo ƙwaryar doya kasuwa, yau shi ne tsaye yana taya guda biyu yana lissafin aljihu. Da mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu a Fabrairun 2024 kan tsadar abinci, wasu sun yi mamakin yadda Minna mai sanyin hali ta riga manyan birane ɗaga murya. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu zo wurin rabon kuɗi, inda ƙanƙantar ke yin ciwo. Kowane wata ana zama a Abuja a kasa abin da ya shigo asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20 da ɗan ɗori cikin 100. Yadda ake raba shi a tsakaninsu kuwa watanda ce sak, irin ta jajibirin salla, an kayar da sa, an shimfiɗa buhu, mahauci ya tsuguna yana kasawa kowa ya zuba ido. Kaso mafi tsoka, kashi 40, raba-daidai ne, babba da yaro kowa ɗaya. Kashi 30 yawan jama'a ake dubawa. Kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta. Ragowar a duba makarantu da asibitoci da ƙoƙarin tara haraji. A layin faɗin ƙasa Chanchaga ko ƙashi ba ta samu ba, sai dai ta lashi wuƙa. A layin yawan jama'a tana da bakin magana, amma da tsohon mudu ake auna mata.

Ƙidaya kuma makwanci take bi, ba ruwanta da inda mutum yake wuni. Dubban mutane gari na wayewa suke durowa daga Bosso zuwa cikin Chanchaga. Nan za su yi ciniki, su sha ruwan leda su yar, su cika kwata, magariba ta yi su koma. Shara ta Chanchaga, suna na Bosso. Kada mutanen Bosso su ce na yi son kai, su ma an kwaɗe su ta ɗaya gefen. Sababbin unguwannin da bori ya zubo musu da yawa ba titi, ba kwalbati, ba makarantar gwamnati kusa, alhali manyan kasuwanni da kuɗin rumfarsu suna cikin gari. Ƙaramar hukumar da aka yanka don ƙauyuka irin su Beji da Garatu da Kodo ta wayi gari da rabin birni rataye a wuyanta. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Hukunci ya yi kyau. Amma ko an damƙa wa kowane ciyaman ludayinsa a hannu, kwatar da ta taso daga Bosso ta ratsa Chanchaga ba ta san iyaka ba, sauron da ke ƙyanƙyasa a cikinta ma bai taɓa tambayar mazaɓa ba.

Kada ka ce mu kaɗai Allah ya jarraba da irin wannan yanka. A tsakiyar Turai akwai wata ƙasa, Sulobakiya, wadda ta rabu da 'yar'uwarta Cek ranar 1 ga Janairun 1993 ba tare da an fasa ko kofin shayi ba. Ba ta da teku. Faɗinta murabba'in kilomita 49,000, wato Jihar Neja za ta haɗiye ta ta kuma nemi ƙari. Mutanenta ba su cika miliyan 5 da rabi ba, sun kasa ƙasar gunduma 79. Birninsu na biyu, Koshitse, gunduma huɗu ne 'yan ƙanana, sai wata babba ta ƙauyuka da ta yi musu zobe, kamar dai yadda Bosso ta rungume Chanchaga. Su ma tukunyarsu tana bori, mutane na gina gida a ƙauyukan kewaye suna shigowa aiki da safe. Sai dai birnin, duk da gundumominsa huɗu, magajin gari ɗaya gare shi da majalisa ɗaya. Suna buɗe murfi su leƙa duk shekara 10, ƙidayarsu ta baya a 2021 aka yi. Itacensu kuma ba albashin gwamnati kaɗai ba ne: a gefen Koshitse akwai katafariyar masana'antar ƙarfe, ƙasar kuma tana ƙera mota wajen miliyan 1 a shekara, in aka raba da yawan jama'a babu ƙasar da ta kamo ta. Ban ce gobe mu fara ƙera mota a Maitumbi ba. Garin doya a leda ma ya isa somin taɓi, da man kaɗe a kwalba mai sunan Minna a jiki.

Sake yanka iyaka ba abu ne mai sauƙi ba, domin sunayen ƙananan hukumomi a cikin tsarin mulki suke, kafin a taɓa ɗaya sai an tayar da ƙasa duka. Ba ma sai an kai can ba. Abin da ya kamata shi ne a riƙe Minna a matsayin gari ɗaya wajen ruwa da shara da titi da fili, Chanchaga da Bosso su zauna da hukumomin jiha a kan taswira ɗaya, a fitar da hanya da filin makaranta a Gidan Mangoro kafin gidaje su iso, ba bayan sun iso a zo da jan fenti ana shafa wa bango ba. Faɗaɗa titunan da ake yi a 'yan shekarun nan abin yabo ne, amma titi mai faɗi a tsakiyar gari bai hana ɗan garuwa tura kura a lungu ba.

Saura naka, mai karatu. Mun san halinmu: da an ce ƙidaya ta zo sai tasha ta cika, kowa ya kwashi mata da yara ya nufi Bida ko Kontagora ko Katsina, wai a rubuta shi a gida don garinsu ya yi yawa. Kwana uku ya dawo ya shiga layin asibitin Minna, ya kai yaransa makarantar Minna, yana ƙorafin benci bai isa ba. Duk ranar da aka sa ranar ƙidaya, don Allah ka zauna a unguwarku, ka buɗe ƙofa, a ƙirga ka da iyalinka a nan Minna.